Tarihin Marigayi Malam Aminu Kano: Daga Ƙungiyar Malaman Makaranta Zuwa Akwatin Zaɓe

Jama'a da dama a wannan jiha tamu sun san Marigayi Malam Aminu Kano a matsayin jagoran jam'iyyun NEPU da PRP, amma ba kowa ne ya san cewa a ƙasar Zamfara ya yi aikinsa na ƙarshe na koyarwa ba. Daga garin Maru, wanda ke gaba kaɗan da Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, ya ajiye alli ya shiga siyasa gadan-gadan. Haka kuma, kafin ya zama shugaban jam'iyya sai da ya zama sakataren ƙungiyar ma'aikata. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa ta wannan fuska, ganin cewa duk lokacin da zaɓe ya ƙarato akan ji ƙungiyar ma'aikata kaza ta bayyana goyon bayanta ga ɗan takara kaza, tun daga kujerar kansila har zuwa ta shugaban ƙasa, sai mai jefa ƙuri'a ya riƙa tambayar kansa ko mene ne nauyin irin wannan sanarwa. Malam ya yi mu'amala da wannan al'amari na tsawon shekara talatin da biyar, ya sha zumarsa, ya kuma sha maɗacinsa.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne daga zuriyar Fulanin Gyanawa waɗanda suka shahara da ilimin shari'a, kuma ya yi aiki a kotun Alƙalin Kano. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ma mai ilimi ce, kuma a gida ya fara karatun Alƙur'ani. Daga nan ya shiga makarantar elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan ya tafi kwalejin da aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna, wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa. Ya kammala a 1942, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci.

A Bauci ne ya haɗu da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa. Na farko shi ne Malam Sa'adu Zungur, malami mai kaifin harshe da alƙalami, wanda ya zame masa uban gida a fagen tunani. Na biyu kuwa shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a makarantar, mutum mai sanyin hali wanda ya fi yarda da gyara a hankali. Malam Yahaya Gusau, ɗan wannan ƙasa tamu, shi ma ya koyar a Bauci a wannan zamani. A wajajen 1943 suka kafa wani zauren tattaunawa inda ma'aikata ke zama su yi muhawara a kan yadda ake gudanar da mulkin En'e, har ta kai hukuma ta ga abin ya fara wuce gona da iri, ta rufe shi.

Kafa Ƙungiyar Malaman Arewa

A 1946 gwamnati ta tura shi Ingila karatun shekara guda a sashen horar da malamai na Jami'ar Landan. Ya isa ƙasar a daidai lokacin da jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka haifa kuma suke ɗaukar nauyinta, take riƙe da gwamnati bayan nasarar da ta samu a 1945. Wato ya ga ƙasar da ma'aikacin ma'adinin kwal da direban jirgin ƙasa ke tara kuɗi ta hannun ƙungiyarsu, su tsayar da ɗan takara, ya je majalisa, har ya zama minista. Tun yana can ya fara haɗa kan malaman Arewa da suke karatu tare, kuma bayan ya dawo gida, a watan Maris na 1948, aka ƙaddamar da Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, shi ne babban sakatarenta, Shettima Shehu Ajiram na Barno kuma shugaba.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu. A Kudu malamai sun daɗe da ƙungiyarsu tun 1931, kuma a 1945 ma'aikatan gwamnati, bisa jagorancin Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa, sun yi yajin aikin gama-gari na sama da kwana arba'in a kan tsadar rayuwa. Amma a Arewa malamin elementare ma'aikacin En'e ne. Daga baitulmalin sarki albashinsa ke fitowa, hakimi ne ke sa masa ido, kuma kalma ɗaya daga sama ta isa a ɗauke shi daga garinsu a jefa shi wani lungu. A ce irin waɗannan mutane daga Sakkwato har Barno, daga Katsina har Ilori, su haɗu a ƙarƙashin inuwa ɗaya su nemi gyaran albashi da sharuɗɗan aiki da manhajar karatu, wannan sabon abu ne. Masana tarihi na lissafa ta a matsayin ƙungiya ta farko da ta yi nasarar game lardunan Arewa baki ɗaya.

Zamansa a Maru

Hukuma ba ta ji daɗin take-takensa a Bauci ba. A 1949 aka mayar da shi Maru ya shugabanci makarantar horar da malamai, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta tarihinsa suna ganin an yi haka ne domin a nisanta shi da birane. Idan kuwa haka ne, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin a Maru ya zauna a tsakiyar manoma, ya ga yadda ake karɓar haraji da jangali, ya ga abin da ke saura a hannun mai gyaɗa da mai auduga bayan an kai kaya sikeli. Yana nan ya ci gaba da riƙe sakatarcin ƙungiyar malamai, ya kuma yi ƙoƙarin kafa wata ƙungiya ta inganta makarantun allo. Yana Maru ne aka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu a watan Nuwamba na 1949, abin da ya girgiza ƙasar duka. Yana Maru ne kuma wasu samari takwas suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Da yake ma'aikacin gwamnati ne, ba shi da ikon fitowa fili ya shiga jam'iyya, sai a watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye aiki ya koma Kano. A 1953 aka zaɓe shi shugaban NEPU.

A nan ne wani abin lura ya bayyana. Mutum zai zaci ƙungiyar da ya kafa da hannunsa za ta bi shi duk inda ya nufa. Ba haka abin ya kasance ba. Lokacin da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951, malaman makaranta ne suka cika sahunta na gaba. Tafawa Ɓalewa malami ne, Sardauna Ahmadu Bello ya fara da koyarwa a Sakkwato kafin ya zo Gusau aikin En'e a 1938, Alhaji Shehu Shagari malami ne. Dalilin a fili yake. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati siyasa amma ta bar ma'aikacin En'e, shi kuwa ma'aikacin En'e ya san wanda ke biyansa. Malami na iya yarda da Malam Aminu a taron ƙungiya a kan maganar albashi, amma ranar zaɓe sai ya tuna da iyalinsa. Ba ma ganin laifin waɗannan bayin Allah ƙwarai, domin wanda ya shiga NEPU a wancan zamani ya san zai iya rasa aiki, ko ya tsinci kansa gaban alƙali a kan laifin yin taro ba da izini ba.

Saboda haka sai NEPU ta nemi ƙarfinta a wurin waɗanda ba su da albashin da za a tsare musu: teloli, mahauta, maƙera, 'yan koli, 'yan kamasho, malaman zaure da ƙananan manoma. Ta yi saiwa a garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, irin su Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda, inda layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Tsafe ya tsaya a 1929, kuma inda cinikin gyaɗa da auduga ya tara baƙi da leburori masu ɗan 'yancin bakinsu. Kalmar da Malam ya riƙe ita ce talakawa, domin ta fi kalmar ma'aikata faɗi. Ya fahimci cewa a ƙasar da masu albashi ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, ƙuri'a tana hannun manomin ƙauye irin na 'Yankuzo, wanda ba shi da katin kowace ƙungiya.

Zaɓuɓɓukan Jamhuriya ta Farko

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe, don haka ko mutum ɗaya nata bai kai majalisar Kaduna ba. Malam ya tsaya a 1954 ya faɗi, ya sake tsayawa a 1956 ya faɗi. Sai a zaɓen tarayya na 1959, wanda aka yi kai tsaye kuma a asirce, kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyyarsa, ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi majalisar Legas. Maza kaɗai suka yi wannan zaɓe a Arewa. Malam da Hajiya Gambo Sawaba sun daɗe suna neman a ba mata ƙuri'a, amma hakan bai samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Tun 1954 NEPU ke ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe, jam'iyyar da ƙungiyoyin ƙwadago na cikin waɗanda suka kafa ta a 1944. Sai dai ko a Kudu wannan aure bai yi daɗi ba, domin a ƙarshen shekarun 1940 babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta dare gida biyu a kan tambaya guda: a ci gaba da zama a inuwar NCNC, ko a tsaya a kan maganar albashi kawai?

Shekarar 1964 ce ta fi fito da gaskiyar lamarin. A watan Yuni ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari na kusan mako biyu, saboda gwamnati ta yi jan ƙafa wajen aiwatar da rahoton kwamitin Morgan a kan ƙarin albashi. Jiragen ƙasa suka tsaya, tashoshin jiragen ruwa suka yi tsit, ma'aikatan Kano da Kaduna suka bi sahun na Legas, har gwamnati ta sauko. Ganin wannan ƙarfi, wasu shugabannin ƙwadago suka ɗauka lokaci ya yi da za su juya shi ya zama ƙuri'a. Imoudu ya kafa jam'iyyar Leba, ga kuma wata jam'iyyar ma'aikata da manoma da Dokta Tunji Otegbeye ke jagoranta. Da aka yi zaɓe a ƙarshen watan Disamba, ba su tsinana komai ba. Ma'aikacin da ya bi shugaban ƙungiyarsa ya ƙaurace wa aiki a watan Yuni, a watan Disamba jam'iyyar yankinsu ya bi. Shi kansa Malam, wanda NEPU ɗinsa ke cikin gamayyar adawa ta UPGA, ya rasa kujerarsa a wannan zaɓe mai cike da ruɗani.

Bayan juyin mulkin 1966, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1972, ƙungiyar malaman Arewa da ya kafa ta haɗe da takwararta ta Kudu suka zama ƙungiyar malamai ɗaya ta ƙasa, wato NUT.

PRP da shugabannin ƙwadago

Kafin sojoji su mayar da mulki ga farar hula, sai da suka yi wa harkar ƙwadago garambawul. A 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta wa wasu tsofaffin shugabanni, ciki har da Imoudu, sake riƙe muƙami a kowace ƙungiya. A 1978 aka narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka koma 42, ƙarƙashin uwa ɗaya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, wadda Alhaji Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Tsarin mulkin 1979, wanda Malam na cikin wakilan majalisar da ta tattauna shi, ya tanadi cewa ban da jam'iyyar siyasa babu wata ƙungiya da ke da ikon nema wa ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a asusun jam'iyya. Wannan tanadi yana nan a sashe na 221 na tsarin mulkin 1999, kuma ya kamata shugabannin ƙungiyoyi a ƙananan hukumominmu su san da shi. Ma'anarsa ita ce irin tsarin da Malam ya gani a Ingila, inda ƙungiya ke ciyar da jam'iyya daga aljihunta, ba shi da gurbi a dokar Nijeriya.

Don haka da Malam ya kafa PRP a 1978, mai alamar mabuɗi, goyon bayan 'yan ƙwadago ya zo masa ne ta hanyar mutane ɗaiɗaiku. Mafi girmansu shi ne Imoudu, wanda ya zama mataimakin shugaban jam'iyyar na ƙasa. Tare da shi akwai malaman jami'a da 'yan boko masu ra'ayin gurguzu, ga kuma S. G. Ikoku wanda ya zama sakataren jam'iyya kuma abokin takarar Malam. A takarda, haɗuwar jagoran talakawan Arewa da jagoran ma'aikatan Nijeriya a jam'iyya ɗaya abu ne da ya kamata ya share fage daga Legas har Fatakwal. Da aka ƙidaya ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, 1979, Malam ya zo na huɗu da ƙuri'a kimanin miliyan 1.7, wato kashi 10 cikin 100, kuma mafi yawansu daga Jihar Kano da Jihar Kaduna suka fito. A biranen Kudu masu tarin masana'antu ma'aikata Awolowo da Azikiwe suka zaɓa. A nan tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta har zuwa 1996, NPN ta Alhaji Shehu Shagari ce ta lashe, Alhaji Shehu Kangiwa ya zama gwamna, babbar mai ƙalubalantarta kuwa GNPP ce ta Alhaji Waziri Ibrahim. PRP ta samu sanatoci 7, 'yan majalisar wakilai 49 da gwamnoni biyu, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Tsofaffin 'yan NEPU da 'ya'yansu ne suka kawo waɗannan kujeru.

Amma idan ƙawancen bai kawo ƙuri'a ba, ya kawo aiki. Gwamnonin nan biyu, da hawansu a watan Oktoba na 1979, suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekara kusan talatin tana kira a kai, kuma ba da jimawa ba sauran jihohin Arewa suka bi. Wannan ribar manomi da makiyayi ce. Ribar ma'aikaci kuwa ita ce a 1980 gwamnatin Kano ta ayyana ranar 1 ga Mayu a matsayin hutun ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da ita hutun ƙasa a 1981. A wannan shekara ce kuma NLC ta yi yajin aiki a watan Mayu, wanda ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 125 a wata. Abin lura shi ne da yajin aiki aka samo wannan, daga hannun gwamnatin NPN.

Santsi da Taɓo

Daɗin bai daɗe ba. A 1980 saɓani ya ɓarke a kan halartar da gwamnonin PRP ke yi wa taron gwamnonin adawa tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana, gwamnonin suka ƙi bari, aka kore su. Jam'iyya ta rabu biyu: 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan Santsi da suka bi gwamnoni. Wanda 'yan Santsi suka ɗora a matsayin shugabansu na ƙasa kuwa ba wani ba ne illa Michael Imoudu. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam, amma ɓarnar ta riga ta auku. A watan Yuni na 1981 majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A watan Yuli tarzoma ta tashi a Kano, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa.

Har yau almajiran Malam ba su daina jayayya a kan wanda ya yi daidai ba. 'Yan Santsi sun zarge shi da sassauci ga NPN. Shi kuma yana ganin samarin na neman jingina jam'iyyar talakawa ga tafiyar wasu da ba su san wahalar da aka sha kafin a kafa ta ba. A namu ganin, abin da rikicin ya nuna shi ne mutanen da suka shigo PRP daga ƙungiyoyin ƙwadago da jami'o'i sun shigo ne da nasu lissafin na siyasar ƙasa, kuma girmamawar da suke yi wa Malam ba ta sa sun ajiye shi ba.

Rasuwarsa

Duk da rashin lafiya da wannan ɓaraka, ya shirya sake tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1983, har ya zaɓi mace, Uwargida Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa. Allah bai nufa ya ga zaɓen ba. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja cikin Kano. Mutumin da ya riƙe ma'aikatun tarayya biyu bai bar wata dukiyar a zo a gani ba. Gidan nasa, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma an sa wa filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin sunansa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, ɗan takarar ɓangarensa, Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ya kayar da Rimi, wanda ya koma NPP, a zaɓen gwamnan Kano.

'Yan ƙwadago ba su fasa neman jam'iyyar kansu ba. A 1989 NLC ta ɗauki nauyin kafa jam'iyyar Leba, gwamnatin Janar Babangida ta ƙi yi mata rajista tare da sauran, ta ƙirƙiro SDP da NRC. Sai a ƙarshen 2002, bayan ƙarar da Balarabe Musa da wasu suka kai hukumar zaɓe har Kotun Ƙoli ta sassauta sharuɗɗan rajista, aka samu jam'iyyar da daga baya ta zama jam'iyyar Leba ta yanzu. A zaɓen 2023 shugabannin NLC da na TUC sun fito fili sun mara wa ɗan takararta na shugaban ƙasa baya, ya kuma samu ƙuri'a sama da miliyan 6 a faɗin ƙasa, amma a Jihar Zamfara baki ɗaya abin da ya samu bai kai 2,000 ba, adadin da bai kama ƙafar yawan malaman firamare na jihar kaɗai ba.

A Maru kuwa har yanzu ana horar da malamai, a Kwalejin Ilimi ta jiha. Ɗalibin da ya fito daga can aka tura shi koyarwa a Tsafe ko Bunguɗu ko Gusau, ƙungiyar NUT yake shiga, wadda reshenta na Arewa ya faro daga taron nan na watan Maris 1948.